Keken Asabar daban, keken Litinin daban

Bari na fara da gyara ɗaya, don a garin nan namu na Abuja in ka ce keke hankalin kowa Napep yake tafiya. Ni ba Napep nake nufi ba. Keke nake nufi na ainihi, mai taya biyu da feda da cen, wanda cinyarka ce inji kuma ɗumamen da ka ci da safe shi ne fetur. Shi nake takawa kullum daga Karmo zuwa Wuse inda nake aiki a wani shagon buga takardu, Litinin zuwa Asabar, tun ƙarshen 2023, kuma a ɗan tsakanin nan na faɗi sau huɗu, mota ta goge ni sau ɗaya, zagi kuwa tun watan farko na daina ƙirgawa. To in na yi maganar keke a Abuja ba ji na yi a bakin wani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma kar wani ya yabe ni wai ina son motsa jiki. Babu ce ta ɗora ni. Ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ya ce tallafin mai ya tafi, lita tana ƙasa da naira 200, kafin sati ya zagayo ta haura 500, a Yuli ta kai 617, kafin 2024 ta ƙare kuwa mun ga 1,000 da ɗoriya da idonmu. Ni kuma kafin na isa wajen aiki sai na hau Napep daga Karmo zuwa Life Camp, na sauka na shiga tasi ɗin nan ta haɗaka da ake cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba, ta sauke ni shataletalen Berger da ke bakin Wuse, in aljihu ya yi sanyi na ƙarasa da ƙafa. Acaba dai tun 2006 zamanin El-Rufai yana ministan Abuja aka hana shi shiga cikin gari, korayen bas ɗin nan da ake ce wa araba su ma aka kore su a 2013, Napep iyakarsa unguwanni. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, to wannan ai zancen masu aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni, mu 'yan shago abin da oga ya ga dama shi ne doka. Wata rana na zauna da biro na yi lissafi na ga kusan rabin abin da nake samu a titi yake ƙarewa, ni ke aikin, direbobi da gidan mai ke cin albashin. Na tattara 'yan kuɗin adashe na sayi keke ɗan gwanjo mai giya. Da na turo shi gida uwargida ta leƙo daga kicin ta dube ni ta dubi keken ta ce, "Baban Ummi, keke kuma? A Abuja? Marayu kake son bar min ko me?" Na yi dariya a lokacin. Yanzu na daina yi mata dariya.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne, ɓangaren hanyar da ya fi muni a ido shi ne ya fi min kwanciyar hankali. Daga Karmo zuwa wajen kasuwar kifi ta Kado, musamman ranar Talata da Juma'a da kasuwar Karmo ke ci, hargitsi ne zalla, ga Napep ga acaba ga masu baro ga tifa ga mai tallan rake ga akuya, kowa na hon kowa na zagi, ƙura kuma ba a magana. Amma babu mai gudu, don babu wajen gudun. In Napep ya taɓa ka a nan iyaka ka kurje gwiwa ku yi cacar baki kowa ya kama gabansa. Gosulo abokin mai keke ne, wallahi ni har murna nake in na hango shi, ina ratsawa ta gefe ina wuce masu jif suna ta hura esi suna harara ta.

Tashin hankalin yana farawa ne daidai inda titi ya yi kyau. Da ka bar shataletalen Life Camp ka hau Obafemi Awolowo, ka nufi Jabi da Utako har Berger, kwalta sumul, faɗi kamar filin idi, a nan ne kowane direba yake tuna cewa motarsa tana da totur. Dokar hanya ta ce cikin gari kilomita 50 a awa, a babban titi na esfires 100, amma wa ya taɓa ganin mai bin 50 a Abuja in ba ɗan koyo ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙafa in gaban mota ya buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da gudun 65, ka ji fa, bambancin 15 kacal, wanda direba ko a jikinsa ba ya ji. Mai keke kuwa da mai ƙafa duk ɗaya ne, nama da ƙashi ne a fili, babu bodi babu bel babu komai. A rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara a duniya, sama da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, wato mu da ba mu da ƙarfe a kewaye da mu.

Birnin nan da ma ba don mu aka zana shi ba. Kamfanonin Amurka ne suka fitar da taswirarsa a 1979, aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disamba 1991, kuma duk wanda ya dubi yadda aka shimfiɗa titunan ya san mai zanen mota kawai yake gani a ransa. Gadoji masu kyau, hanyoyin da ke ɓallewa su sauka su hau kamar taliya, ga mai mota abin sha'awa ne. Ga ni kuwa kowace mahaɗa jarrabawa ce. Kana tafiya a gefen dama ka lafe kamar ƙadangare a bango, sai kawai wata hanya ta ɓullo ta damanka motoci na kwararowa a guje, ka wayi gari kana tsakiyar titi, mota a hagu mota a dama, kai kuma kana kan ƙarfe biyu da roba kana ta hasbunallahu. In kuma za ka juya hagu sai ka tsallake layi uku, ka miƙa hannu ka yi ta miƙawa har ya gaji babu mai ɗaga maka ƙafa. Ni dai na haƙura, a irin waɗannan wurare sauka nake na tura keken kamar mai jan akuya zuwa kasuwa.

Sai masu tasi. Allah Ya shirya mana masu tasi. Idon direban tasi ba ya kan titi, yana kan bakin titi ne, yana farautar fasinja, da ya ga an ɗaga yatsa zai yanko ya tsaya a gabanka ba trafiketa ba komai, kamar ba yanzu ya wuce ka ba. Kafin ka gama jan birki fasinja ya banko ƙofa. Faɗuwata ta biyu ke nan, a wajen tashar Jabi, wata baiwar Allah ta buɗe ƙofa na rungumi ƙofar, ni ina ƙasa jaka ta yi gabas takalmi ya yi yamma, ita kuma abin da ya fara fitowa bakinta shi ne wai ban gani ba ne. A Holan ana koya wa mutum ya buɗe ƙofar mota da hannun da ya fi nisa da ƙofar, don dole jikinsa ya juya ya ga abin da ke tahowa a baya. Abu ne da ko kwabo ba ya ci, amma wace makarantar koyon mota ce a nan ta taɓa faɗa wa ɗalibi akwai wata halitta mai suna mai keke a titi?

Amma wadda ba zan manta ba ta watan Agusta ce. An kwana ana ruwa, da asuba ya ɗauke, na fito da 'yar rigar leda na kama hanya, ruwa kwance a gefen titi ja-ja-wur da laka. Na zo wajen Utako wata doguwar bas ta matso ni tana ta hon kamar za ta haɗiye ni, na waiga na ga ba ta da niyyar kaucewa, na ƙara matsawa gefe cikin ruwan, a zatona ruwa ne kawai iya idon sawu. Ashe ramin magudana ne da aka sace murfinsa. Tayar gaba ta shige, keken ya tsaya cak ni kuma ban tsaya ba, na bi ta saman kan keken na sauka da kafaɗa da haɓa a kan dakalin gefen titi. Abin da na fara ji gishiri-gishiri a bakina, na tofar na ga jini da guntun haƙori. Bas ɗin ko rage gudu ba ta yi ba. Motoci suka ci gaba da wucewa suna watsa min ruwa, wani ma har ya sauke gilas ya leƙo ya ja ya yi gaba. Waɗanda suka zo kaina su biyu ne, wani mai shayi da ya bar tukunyarsa a wuta ya rugo, da wata mata mai sharar titi da tsintsiyarta a hannu. Mai shayin ya ɗaga ni yana cewa, "Sannu ɗan'uwa, sannu, Allah Ya tsare gaba, ai kai ne na uku a ramin nan." Ya zaunar da ni a bencinsa ya ba ni ruwan ɗumi na kurkure baki, ya ƙi karɓar ko sisi, sannan ya je ya karyo reshen bishiya ya soka a ramin. Wilin gaba ya lanƙwashe ya koma kamar lamba 8. Kafaɗa ta goce sai da na je wajen mai ɗori, na yi sati biyu ban je aiki ba, kuma oga bai manta da sati biyun nan ba da wata ya ƙare. In ka haɗa kuɗin wili da taya da magani da abin da aka yanke min, duk ribar da keken ya tara min ta wata uku ramin nan ya cinye ta a daƙiƙa ɗaya.

Maganar satar murfin nan kowa a Abuja ya san ta. A farkon 2025 abin ya yi ƙamari har ya cika kafafen sada zumunta, aka kama mutane, aka samo murafe a wajen masu sayen ƙarfe, aka rufe kasuwannin panteka na sati biyu, aka hana 'yan baban bola yawo cikin gari. Ni ba na kare ɓarawo, wanda ya cire murfin da na faɗa ciki ban yafe masa haƙorina ba. Amma ɓarawo ai ba ya cin ƙarfe, akwai mai saye, akwai mai narkawa, kuma waɗannan ba a buhu suke yawo ba. Sannan in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, yaya za a ci gaba da ajiye ƙarfe mai tsada a tsakiyar titi ba makulli ba walda, a sace a sake sa irinsa a sake sacewa? Murfin kankare ko na roba mai ƙarfi wa zai saye shi a kilo? Mai mota in ya faɗa ramin taya zai canza ya yi tsaki. Ni wuyana ne.

Duk da haka, in ka tambaye ni wane haɗari ne ya fi kowanne, ba rami ba ne ba tifa ba ce. Raini ne. Direba a Abuja in ya hango mai keke ba ya ganin mutum mai zuwa neman abinci, yana ganin wani abu ne da ya tare masa hanya, kamar leda ko karen da ba shi da mai shi. Shi ya sa yake matse ka, ba don babu wuri ba, layin hagu fayau yake, kawai yana ganin bai kamata a ce shi ne zai kauce wa keke ba. Wasu su leƙo su kwaɗa maka "Aboki!" su bi da zagi da turancin buroka, wannan na saba. Wanda ya fi min ciwo na gida ne. Wata rana a danjar da ke kusa da kasuwar Wuse wani dattijo cikin farar shadda da zanna bukar, a bayan mota ana tuƙa shi, ya sauke gilas ya ce min, "Kai malam, ka gaji da duniya ne? Wannan ai ba titin ƙauyenku ba ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, aiki za ni." Ya ce to na nemi mota mana. Danja ta ba da hannu suka wuce. Na yini ina juya maganar nan, na nemi mota mana, kamar a bishiya ake tsinkarta. Ayarin manya masu jiniya kuwa ba sai na faɗa ba, su ko mai mota tsoronsu yake, balle ni, da na jiyo kukan daga nesa sauka nake na haye dakali na ba su duniyarsu.

To ga inda abin yake ba ni haushi da dariya lokaci guda. Ranar Asabar da sassafe in na zo wajen tafkin Jabi sai na ci karo da wasu masu keken, su goma su ashirin, cikin matsattsun kaya masu launi da hular kwano da baƙin gilas, kekensu ɗaya ya isa ya sayi Napep, wani lokacin har da mota a bayansu ta kunna fitilu huɗu tana tare musu hanya. Ba hassada nake musu ba wallahi, wasu ma har hannu suke ɗaga min, kuma lafiya suke nema, Allah Ya ƙara musu. Amma ku zo ku ga yadda direbobi ke yi musu. Direban da zai goge ni ranar Litinin shi ne zai rage gudu ya ba su layi guda sukutum, babu hon babu zagi, don ya san wanda ke cikin matsattsen wandon nan zai iya zama darakta ko ɗan wani, in ka taɓa shi ka taɓo wa kanka ruwan dafa kanka. Ke nan direbobinmu sun iya kauce wa keke. Sun iya sarai. Abin da suke dubawa shi ne wa ke kai. Haka a bakin get, akwai wata ma'aikata da nake kai aiki, mai gadi ya ce ba a shiga da keke kuma ba a jingina shi a katanga wai yana ɓata wa wurin kyau, na tsallaka titi na ɗaure shi a jikin falwaya ina aiki rabin hankalina na waje. Shi kansa mai gadin da keke yake zuwa, ya ɓoye nasa a bayan ɗakin janareta.

Da ba haka abin yake ba fa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne a ƙasar Zazzau, yana da baƙin keke Rali mai kariya da ƙararrawa da fitilar nan mai ɗan injin da ke gogar taya, duk Juma'a sai an wanke shi an shafe cen da mai, kuma ya sha ba mu labarin lokacin da keke har lasin ake yankar masa a wajen En'e a maƙala masa lamba. A Bompai ta Kano ma ake haɗa Ralin. Mai keke a lokacin mutum ne da ake gaisarwa da girmamawa, ana ba shi mata. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, suka zo a tsakiyar shekarun 1970 ma'aikata suka koma babur da mota, keke ya gangara ya zama na mai gadi da mai burodi da ɗan aike, daga nan kuma ya zama abin kunya. Yau yaro ya gwammace ya ci bashin kuɗin mota da a gan shi a kan keke a unguwar budurwarsa.

An taɓa gwada dawo da shi daga sama. Marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, a 2001 ya tashi haiƙan wai 'yan Najeriya su koma hawan keke, shi da kansa ya riƙa takawa zuwa aiki, har aka laƙaba masa Ojo Onikeke, wato Ojo mai keke da Yarbanci. Me ya faru? Bas ta ture shi ya faɗa kwata, a nan Abuja. Ƙasa ta kwashe da dariya, aka yi ta zanen barkwanci, aka rufe babin. Darasin da aka ɗauka shi ne keke shirme ne, alhali darasin da ke wurin a fili shi ne, in titin babban birni bai bar ministan sufuri da kansa ya isa ofis lafiya ba, to titin ne ke da ciwo. Sama da shekara 20 ke nan, kwatar tana nan bas ɗin tana nan. Abin da ya ƙaru shi ne biki, tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke a 2018, duk shekara sai ka ga manya sun fito da sababbin kekuna da riguna iri ɗaya, jiniya gaba jiniya baya, a yi ɗan zagaye a ɗauki hoto a yi jawabi cewa keke na maganin hawan jini, sannan kowa ya miƙa wa yaronsa keken ya shige jif. Ina ma a ce shekara ɗaya kawai za su taso daga Nyanya ko Kubwa ko Lugbe ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, ba ɗan rakiya.

Mutane suna son kawo misali da Holan kamar da kekensu aka haife su. Ba haka ba ne. Su ma mota ta cinye musu garuruwa, a 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a hanya, sama da 400 yara ne, iyaye suka fito titi suna zanga-zanga a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga 1973 Larabawa sun rufe famfon mai, har gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi na wani lokaci. Daga nan suka fara ware wa keke hanyarsa daban da ta mota, a hankali a hankali, har ta kai a 2024 firaministansu Mark Rutte da ya sauka daga mulki kekensa ya hau ya tafi gida. Su tsadar mai ta haifa musu hanyar keke. Mu tamu ta haifa mana jawabin a ƙara haƙuri.

Kar kuma a ce na wanke mu tas, mu ma muna da namu. Nawa ne a cikinmu ke bin wanwe suna fuskantar motoci wai don su ga abin da zai kashe su? Nawa ne ke tafiya da daddare da baƙar riga babu fitila babu ko ɗan abin nan mai ƙyalli, a titin da rabin fitilunsa sun mutu? Na ga mai birki da silifas, na ga mai iyafis a kunne biyu yana jin waƙa a tsakiyar Berger, na ga yaro ya kama bayan tifa tana jan sa a hawa, wanda in direban ya taka birki sai dai a kwashe shi a buhu. Kuma duk mai shiga ta gefen tirela ko tifa a kwana ya sani direban ba ya ganin sa sam, tayar baya kuma ba ta bin sawun ta gaba, yankowa take. Ni kaina sai da haƙori ya tafi na sayi hular kwano da riga mai ƙyalli irin ta 'yan kwangila da 'yar fitila ja mai caji, kafin nan gani nake wannan iyayi ne na 'yan Asabar. In ka ce wa ɗan'uwanmu ya sa hula sai ya ce maka ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Sai dai hular kwano ba ta tare tifa, wannan ma a faɗa, don akwai masu son a tattara duk laifin a ɗora a kan hular da ba mu sa ba su kuma su wanke hannu.

Wani abokina da muka yi gardama a majalisa ya ce wai mutum nawa ne ma ke hawa keke a Abuja da za a kashe musu kuɗi? Na ce masa ka fito ƙarfe shida na safe ka tsaya a Life Camp ka ƙirga, kafin masu jif su farka. Masu gadi da ke sauka daga aikin dare da masu zuwa karɓar su, masu burodi, masu yogot da askirim, masu gyaran famfo da kayan aiki a kariya, ga kuma yaran nan masu kai saƙon abinci da ƙatuwar jaka a baya da waya ke ta matsa musu su yi sauri. Sannan ka ƙirga waɗanda tsoro ya hana. A gidan hayar da nake mu uku muka sayi keke bayan cire tallafi, ɗaya ya sayar bayan sati uku da tanka ta kusa shafe shi a hanyar Gwagwa, ɗaya nasa na nan rataye a baranda ana shanya tawul a kai. Kuma ba wani abin a zo a gani muke roƙo ba a garin da ake gina gadar sama kamar ana toya ƙosai. Titunan nan faɗinsu ya isa a yanki taku biyar a gefe a raba shi da dakalin kankare, ba fenti ba, don fenti a garin nan sai dai ya zama wajen fakin da lodin tasi, ku dubi yadda aka mayar da hanyar masu ƙafa. A fara da hanya ɗaya ma a gani, daga unguwannin talakawa zuwa cikin gari, ba zagayen shaƙatawa a Maitama ba. A rufe ramuka da abin da ba ya sayuwa, a gyara fitilu, a share yashin da ke taruwa a gefen kwalta wanda ke kwashe taya kamar santsin kuɓewa, ma'aikatu su kafa ɗan ƙarfen ɗaure keke a cikin get.

Har yanzu dai ina hawa, don lissafin bai canza ba, ga haya ga kuɗin makarantar Ummi. Inna in ta kira daga gida ba ta fara tambayar lafiyar jikoki sai ta ce, "Har yanzu kana hawa abin nan?" na ce mata na kusa dainawa, ta ce Allah Ya sa, mu duka mun san ba gaskiya ba ne. Na haddace ramukan hanyata ɗaya bayan ɗaya, guda bakwai ne tsakanin Life Camp da Berger, biyu an rufe su bara ɗaya an sake buɗe shi. Nawa na Utako yana nan. Jiya da na wuce na tsaya na sha shayi a wajen mutumina, reshen da ya soka ya bushe tuntuni, wani ya ƙara da tsohuwar taya da guntun bulo. Ya ce min bayan ni an yi biyu, ɗaya mai babur ne da mace a baya. Damina kuma saura wata biyu.